Akwatin Maganin Baba

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana tuƙa babbar mota, kuma ban taɓa ganin ya yar da ko noti ɗaya ba. Bel ɗin da ya tsinke, fitilar da ta mutu, wayar da ta ƙone, kowanne yana da wurin ajiyarsa, wai wata rana zai yi rana. Da ya ajiye tuƙi ya rabar da sifanoninsa ga abokan aiki, amma akwatin da yake zuba su ya hana kowa. Jan akwatin ƙarfe ne mai hawa biyu da ɗan kwaɗo. Ya goge shi tas, ya ɗora a kan tagar ɗakinsa, ya mayar da shi ma'ajiyar magani.

Ni ce autarsa, kuma ni kaɗai na rage kusa da iyayenmu, yayyena duk aiki ya watsa su. Shagon ɗinkina bai fi tafiyar minti goma daga gidan ba, don haka kusan kullum da hantsi nakan leƙa in gaishe shi da Inna. Tun da likita ya ce yana da hawan jini, ni ke sayo masa magani duk ƙarshen wata. Farar ƙwaya ce guda ɗaya, da safe bayan ya karya.

Wani wata na je saye na tarar kuɗin maganin ya kusa ninkawa. Na biya ban ce komai ba, sai dai na manta rasit a cikin ledar. Da wata na gaba ya zo, ina shirin tafiya sayowa, Baba ya ce, "Auta, bar shi wannan karon, da saura."

Na ce, "Saura kuma? Ba talatin ba ne?"

"Na ce miki da saura. Ni da ke wa ke sha?"

Gaskiya na ji daɗi, don a lokacin ɗinki ya ja baya, sai na bar maganar. Da wancan watan ya ƙare ban ma tambaye shi ba, na sayo na kai masa. Ya karɓa ya sa mini albarka, ya buɗe kwaɗonsa ya jefa ciki.

Bayan kwana biyar ko shida, ranar wata Laraba, na shiga gidan na tarar Inna ta jiƙa wanki a babban baho a tsakar gida, Baba kuma yana kan kujerarsa a inuwa yana jin rediyo. Yana ganina ya miƙe da sauri zai nuna mini wata riga da yake so in rage masa. Taku biyu ya yi, ya yi taga-taga, ya miƙa hannu yana laluben bango, bangon kuwa yana can nesa. Sai ji muka yi tsundum, ya zauna daram a cikin bahon, kumfa ta tashi har kan hularsa.

Inna ta dafe ƙirji. "Malam, in wanki kake so a haɗa da kai ai sai ka faɗa!"

Ni ma dariyar ta kusa ƙwace mini, sai na ga idonsa. Ya yi wuri-wuri, gumi na keto masa a goshi, yana cewa gidan ne ke juyawa. Muka ɗago shi da ƙyar, muka canza masa kaya, na ruga bakin titi na tare motar haya.

A asibiti nas ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake aunawa, ta ce jininsa ya sauka ƙasa sosai. Likita ya zo ya tambaye shi abin da yake sha.

Baba ya ce, "Abin da ka rubuta mini." Ya ɗaga kai yana kallon silin. "Da ɗan ƙari."

"Ƙarin me, Baba?"

"Wani ne mai ruwan hoda. Mai kyau ne."

Likita ya dube ni, na dubi Inna, Inna ta tafa hannu. Ya ce a bar Baba ya kwanta a nan zuwa yamma a ga yadda jikin zai yi, ni kuma in je gida in kwaso duk wani magani da ke ɗakinsa, ko na shekarar da aka haife ni ne, in kai wa mai kula da ɗakin magani ta duba. Na ce ai a akwati suke, da kwaɗo. Baba ya damƙe aljihun da mabuɗin yake, ya ce ba mai buɗe masa akwati sai yana wurin.

Haka aka yi. Da la'asar, bayan ya sha ruwa ya yi barci jirin ya sake shi, muka taka a hankali zuwa ɗakin magani, ni da akwati a ka kamar mai talla, Inna na riƙe da gwiwar hannunsa yana fizgewa.

Mai kula da wurin wata mata ce gajeriya da ta manyanta, tabarau na rataye a wuyanta da siririyar sarƙa. Tun daga ranar Baba ya sa mata suna Mai Tabarau, har yau ma da shi muke kiranta. Ta bar abokin aikinta a kantar miƙa magani, ta shigar da mu wani ɗan ɗaki a gefe, ta shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ta ba Baba kujera mai hannu.

"Bismillah, Baba. Buɗe mana mu ga dukiya."

Ya buɗe, ya ja hawan sama baya. Mai Tabarau ta sa tabaraunta, ta leƙa, ta cire, ta sake sawa.

"Baba, da ka faɗa mini da wuri ai da wurinka zan riƙa sari."

Baba ya gyara zama, ya ɗauka yabo ne.

Ta fara fitowa da su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ta ɗaga sai ya ba da tarihinsa. Kwalbar maganin tari da ruwanta ya rabu biyu, sama tsararo ƙasa kauri, ya ce ta shekarar da ruwa ya dake shi a hanya ce, in aka girgiza tana komawa daidai. Ta nuna masa kwanan watan da aka buga a gindin kwalbar, shekara shida ke nan da wa'adinta ya wuce. Maganin ɗigawa a ido, ya ce na lokacin da ƙura ta shigar masa ne, sau biyu kacal ya ɗiga. Ta ce irin wannan in an buɗe shi makonni kaɗan yake yi, bayan nan mutum ciwo zai ɗiga wa kansa. Sai ga katin kafso ja da baƙi, an sha rabi.

"Wannan fa?"

"Na haƙori ne. Likita ya ce kwana bakwai, ni kuwa kwana uku na warke, na ce me zai sa in ɓarnatar."

Inna ta ce, "Shi ya sa bayan wata ɗaya kumatun ya sake kumbura kamar ya ɓoye lemo."

"Wannan wani ciwon ne daban."

Mai Tabarau ta ce, "Shi ne dai, Baba. Irin wannan maganin ana shan sa ne yadda likita ya ƙayyade, ko da ka ji sauƙi. In kana ganin ya isa, shi za ka koma ka tambaya."

Can ƙasa ta zaro kwalin ashana. A jikinsa Baba ya rubuta da biro: na ciwon baya, mai kyau ƙwarai. Ta buɗe, ga ƙwayoyi kala uku tsirara, ba kati ba suna, wasu sun fara zama gari.

"Wanne ne na bayan a ciki?"

Baba ya leƙa ya daɗe yana kallo. "Ɗaya daga cikinsu."

Har Mai Tabarau sai da ta juya baya ta yi dariyarta ta gama. Ta ce ita da ta yi shekara ashirin a aikin nan ba za ta iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba, don ƙwaya in ta rabu da katinta ta zama baƙuwa.

Daga ƙarshe aka zo kan mai ruwan hodar. Nan ne Baba ya fara kame-kame, amma ya faɗa. Amininsa Mai Faci, wanda ke gyaran taya a bakin tasha, shi ma yana da hawan jini. Likitansa ya canza masa magani, tsohon ya rage masa kati huɗu, shi ne ya ba Baba. Da shi ya yi watan da ya hana ni saye. Da na kawo farin kuma sai ya ga ga wannan ga wancan, ya shiga haɗa su duk safiya.

Na ce, "Baba, biyu a lokaci ɗaya? Don me?"

"Kin taɓa ganin babbar mota da taya ɗaya a baya? Biyu ake jerawa, in ɗaya ta yi sanyi ɗaya ta riƙe."

Mai Tabarau ta ɗauko kwalin farin da katin mai ruwan hodar ta jera a gabansa. Ta ce ya bar manyan haruffan nan masu ado, wannan sunan da kamfani ya raɗa ne, ya dubi ƙananan da ke ƙarƙashi. Ta ara masa tabaraunta. Baba ya kai kwalin kusa da hanci yana haɗa baƙaƙen a hankali, ya koma kan katin ya haɗa, ya sake komawa kan kwalin.

"Kai! Ai abu ɗaya ne."

"Abu ɗaya ne, kuma na abokinka ya ninka naka ƙarfi. Ka ga ke nan kullum kana shan na kwana uku a zama ɗaya. Allah ne ya tsare, da a kan titi jirin ya kama ka fa?"

Inna da ke ta tsokana tun ɗazu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Na ce, "Baba, me ya kai ka karɓar na wani tun farko? Na taɓa ce maka na gaji?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Na ga takardar kuɗin a leda. Na ce yarinyar nan tun safe take taka keke har bayanta ya ƙage, a ce rabin wahalarta a cikina za ta ƙare. Na ga ga na banza a hannun Mai Faci."

Na shiga gyara kwalaben da ke kan tebur ba gaira ba dalili.

Mai Tabarau ce ta cece ni. Ta tambaye ni wanne nake saye da inda nake saye, na faɗa mata. Ta fita ta dawo da wani kwali fari fat, ba zane ba ado, ta sake ba Baba tabarau. Ƙananan haruffan dai su ne, ƙarfin ma daidai da nasa. Ta ce wani kamfani ne ke yin wannan, an gwada shi an tabbatar aikinsu ɗaya, kuɗinsa kuwa bai kai sulusin wancan ba. Ta ɗaga waya ta kira likita a gabanmu, ta gaya masa abin da aka gano. Ya ce Baba ya huta da magani gobe, jibi a dawo a auna shi, in jinin ya daidaita ya rubuta masa wannan ɗin, na wata uku a haɗe, don ya fi sauƙi a haka.

Na ce, "Ashe akwai wannan, shekara biyu ina sayen mai tsada?"

Ta ce, "Da yawa ba su sani ba, mu ma da laifinmu, layi kan yi tsawo mu miƙa abin da aka rubuta kawai. Duk ranar da magani ya fi ƙarfin aljihunki, ki faɗa wa likita ko ki faɗa mana. Ba abin kunya ba ne. In akwai mai sauƙi za a duba, in babu a san dabarar da ba za ta kwantar da mutum ba."

Baba ya ɗaga farin kwalin yana jujjuyawa. "Wato fenti muke ta biya."

Ta tambayi inda akwatin ke zama, na ce kan taga. Ta kama haɓa. Ta ce ƙarfe a rana ai tanda ne, zafi na kashe magani tun wa'adinsa bai zo ba. A samu wuri mai sanyi da ba laima, sama yadda jikoki in sun zo hutu ba za su kai ba.

Sai aka zo kan tulin da ke tebur. A gefe ɗaya kwalin da na sayo da wani man shafawa da bai lalace ba. A ɗaya gefen kuwa tsibi guda.

Baba ya ce, "To, waɗannan a zuba mini a leda. Akwai masu buƙata a unguwa."

Mai Tabarau ta ce, "Haka Mai Faci ya ce ranar da ya ba ka."

Baba ya kau da kai daga tsibin.

Inna ta ce, "Ni dai a ba ni su in juye a masai in kora da ruwa, kowa ya huta."

Mai Tabarau ta girgiza kai. Ta ce abin da aka zuba a masai ko kwata ƙasa yake shiga, ya bi ruwa, wata rana ya dawo rijiyar wani. In kuma aka watsa a bola, yara na tsinta su ɗauka alewa ce, dabbobi ma na ci. Ta nuna mana wata koriyar ma'ajiya ta ƙarfe a lungun ɗakin, tsayinta ya kai ƙugu, da kwaɗo da ɗan baki a sama kamar na asusu. Duk wanda ke da ragowar magani nan yake kawowa, ba a karɓar ko sisi, in ta cika a kai inda ake ƙone su yadda ya kamata. Ta miƙo mini baƙin alƙalami mai kauri ta ce in shafe sunan Baba a duk kwalin da aka liƙa masa takarda.

Baba ya ce shi zai zuba da hannunsa. Ya tsaya a gaban ma'ajiyar, ina miƙa masa yana sakawa, kowanne da sallamarsa. Maganin tari ya ce masa, "Ka yi mini rana." Kafson haƙori ya ce, "Kai dai ba mu gama da kai lafiya ba." Da aka zo kan na Mai Faci ya jefa da sauri ba sallama. Muka gama, ya kakkaɓe hannu ya ce mu tafi.

Inna ta ce, "Malam, aljihun hagu."

"Me ke aljihun hagu?"

"Abin da ke ƙara in ka motsa."

Ya zaro kwalin ashanar nan yana ƙunƙuni, wai ashanar yake so ba ƙwayoyin ba, alhali ko tsinke ɗaya babu a ciki. Mai Tabarau ta ce in bayan na damunsa ya gaya wa likita jibi, don wasu magungunan ciwon jiki ma tayar da hawan jini suke yi. Ya jefa kwalin, ya leƙa bakin ma'ajiyar kamar zai ga inda ya faɗa.

A hanyar gida Inna ba ta bar shi ya sha iska ba. Mutum da girmansa, da furfurarsa, ya tara shara a ɗaki yana sa mata kwaɗo. Ita tun yaushe take faɗa. Ita ko ƙwaya ɗaya ba ta yarda ta kwana mata a ɗaki in ta gama da ita. Baba ya juya yana kallon waje ta tagar mota, ya ce da direban ya ƙara rediyo.

Jibin aka auna shi, jini ya daidaita, aka rubuta sabon maganin. Na samo masa ɗan faranti mai murfi da gida bakwai, kowace rana da nata, muka ajiye a saman kabad.

Da aka kwana biyar, ina shago da hantsi ina yanka wani yadi, sai ga Inna. Inna kuwa ba ta zuwa shagona, ta ce ƙarar keke na sa mata ciwon kai. Ta shigo tana waige-waige, da wani ƙullin zane a hammata, ta zauna a bencin masu jira ta rage murya.

"Auta, rufe shagon nan ki raka ni wurin matar nan mai tabarau."

"Lafiya, Inna? Jikin ne?"

"Lafiya lau. Wasu 'yan abubuwa ne na tsinta ina shara."

Na kwance ƙullin. Tsohuwar tukunya ce mai murfi, wadda tun ina yarinya nake ganinta a can saman kwanukanta, ban taɓa ganin an ɗora ta a wuta ba. Na ɗaga murfin. Cike take har baki, katuna da kwalabe da ƙulle-ƙullen leda, har da maganin da aka rubuta mata tana goyona.

"Inna!"

"Rufe mini baki. Kuma in babanki ya ji, ke ce."

Muka hau mota, tana rungume da tukunyar kamar jaririya. Duk hanya tana jaddada mini cewa nata daban ne da na Baba, ita ba ta sha, ajiyewa kawai take yi saboda halin rayuwa.

Muna shiga ɗakin magani na hango wata hula da na sani a layi. Baba ne, a gefensa Mai Faci da baƙin mai a hannu, yana riƙe da wata ƙatuwar leda da ta yi nauyi har tana shirin yagewa. Ashe tun safe Baba ya je bakin tasha ya tsare shi, ya ce ba zai taɓa taya ko ɗaya ba sai ya kwaso na gidansa sun kawo.

Inna ta ja burki, ta yi yunƙurin juyawa, murfin tukunyar ya zame ya faɗi ƙasa da ƙara, ya yi ta gangarawa har gaban kanta. Kowa ya waiwayo. Baba ya dubi Inna, ya dubi tukunyar, ya tako a hankali hannuwansa a baya, ya leƙa ciki.

"Ikon Allah," ya ce. "Mai Faci, zo ka ga masu shara."

Inna ta gyara mayafinta ta ɗaga kai. "Na maƙwabta ne."

Baba ya sa yatsa biyu ya ɗago wani kwali, ya nisanta shi da idonsa yana karanta takardar da ke jiki. "Maƙwabciyar nan kuwa sunanku ɗaya, har da na mahaifi."

Mai Faci ya fashe da dariya har ledarsa ta yage, kwalabe suka watse a ƙasa, muka duƙa mu huɗu muna tsinta. Mai Tabarau ta leƙo ta kan kanta, ta sa tabaraunta ta ƙare mana kallo, sannan ta ce da abokin aikinta ya riƙe layin, ya kuma miƙo mata farar takarda guda biyu, manya.